Yadda Ake Kula da Marurun Hammata da Matsematsi Masu Dawowa, da Warin da Ke Biyo Su

Akwai maruru na yau da kullum: ya fito, ya nuna, ya fashe, ya warke, a manta da shi. Akwai kuma wanda ba ya tafiya. Yau yana hammatar dama, bayan sati uku ya ɓullo a ta hagu, ko a matsematsi, ko ƙarƙashin nono, ko tsakanin ɗuwawu. In ya fashe sai ya yi ta tsiyayar da ruwa mai ƙarni, ya ɓata riga, ya bar tabo mai tauri, can kuma wani ya taso a gefen tabon. Mai wannan ciwo yakan yi wanka sau uku a rana, amma duk da haka ya ga ana matsawa in ya zauna a benci. Saboda shi na yi wannan rubutu, ko in ce saboda ita, domin mata sun fi yawa a cikin masu fama da shi.

Likitoci na kiran ciwon hidradenitis suppurativa. Ka rubuta sunan a takarda ko a waya, za ka buƙace shi ranar zuwa asibiti. Ba sabon ciwo ba ne, wani likitan fiɗa na Faransa mai suna Alfred Velpeau ya bayyana shi tun 1839. Amma har yau, ko a ƙasashen da likitocin fata suka wadata, mutum kan kai kimanin shekara 7 yana fama kafin a gaya masa sunan abin da ke damunsa. A wajenmu waɗannan shekarun tsakanin kemis da wanzami da mai maganin gargajiya suke ƙarewa.

Mataki na farko: ka tabbatar ko shi ne

Tambaya uku likita zai yi, kai ma kana iya yi wa kanka. Wane irin ƙurji ne? Na wannan ciwo ƙullutu ne mai zurfi a cikin nama, mai zafi, ba ɗan ƙurjin saman fata ba. A ina yake fitowa? Inda fata ke gugar fata: hammata, matsematsi, cikin cinya, ƙarƙashin nono, naɗin ciki, ɗuwawu. Yana dawowa? In ya fito sau biyu ko fiye cikin wata 6, a irin waɗannan wurare, to zato ya yi ƙarfi. Yawanci bayan balaga yake farawa, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shi akwai wani a danginsu da ke da irinsa. Mata da yawa suna lura yana tashi daf da zuwan al'ada.

Asalinsa ramin gashi ne ke toshewa, ya kumbura, ya fashe ta ciki, sai garkuwar jiki ta taso wa wurin da faɗa fiye da kima. In abin ya yi ta maimaituwa a wuri ɗaya, sai hanyoyi su buɗe a ƙarƙashin fata kamar ramin ɓera mai ƙofa biyu, ka danna nan mugunya ta fito ta can. Waɗannan hanyoyin su ne matattarar wari.

Ka riƙe wannan da kyau, don shi ne tushen duk abin da zai biyo baya: ba ƙazanta ce ke kawo shi ba. Ba a ɗaukarsa a wurin wani, ba ya bin tawul ko shimfiɗa, ba ciwon sanyi ba ne, ba ta saduwa ake samunsa ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake sa wa yarinya budurwa ido don ƙurji ya fito mata a matsematsi, alhali babu ruwansa da abin da ake zarginta da shi.

Sai dai akwai ciwuka da ke kama da shi, kuma dole a kore su da gwaji. Ciwon suga na kawo maruru akai-akai. Tarin fuka kan kama kaluluwar wuya ko ta hammata, ta fashe ta yi ta zubar da ruwa wata da watanni. Raunin garkuwar jiki, irin na ƙanjamau, shi ma haka. Saboda haka tun da wuri a yi gwajin suga, da na ƙanjamau, da awon yawan jini. In akwai tari, ko rama, ko gumin dare, a haɗa da gwajin tarin fuka, wanda kyauta ake yinsa a cibiyoyin gwamnati a Najeriya.

Mataki na biyu: ka daina abin da ke ƙara masa wuta

Kafin a sayi komai, a fara da abin da za a bari. Na farko matsa ƙurji. Matsi na fasa shi ta ciki, ya tura mugunya gefe, ya haifar da sabuwar hanya. Na biyu kai shi wurin wanzami a tsaga ko a yi sakiya. Gaskiya ne zafin na sauka a ranar, amma ko a asibiti aka tsaga irin wannan ƙurji kusan kullum dawowa yake, balle da aska ko ƙarfen da ba a tabbatar da tsabtarsa ba. Kowace tsaga kuma tabo ne, tabon nan shi ke ɗaure hammata har ɗaga hannu ya gagara.

Na uku dirza da soso. Mai jin yana wari yakan ɗauka in ya ƙara dirzawa abin zai tafi. Ba zai tafi ba, gugar ce ma ke tayar da sabon ƙurji. Haka zuba Dettol ko Izal tsagwaronsa a wurin, ko lemon tsami, ko toka, ko kanwa, ko fasa kafso a barbaɗa garinsa a gyambo. Duk ƙona fata suke yi. Mayukan nan masu haɗin magani uku da ake sayarwa a kemis, irin su Funbact-A da Skineal, da mayukan bilicin, akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi a cikinsu. Suna kwantar da ja da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma in aka daɗe ana shafa su a hammata da matsematsi, inda fata ke da laushi, sai ta sirance ta yi nanƙarwa ta riƙa tsagewa.

Sai maganar gashi, wadda ke buƙatar a tsaya a kanta. Addini ya koyar da a riƙa kawar da gashin hammata da na mara, kada a bar shi ya wuce kwana 40, kuma rage gashin na rage wari sosai domin a jikinsa gumi da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa. Matsalar tana wurin kayan aikin. Reza na yankar kan ƙurji, tsiga na raunata ramin gashin da dama shi ne mai ciwon. A koma almakashi ko kilifa, a rage gashin ya yi gajere sosai ba tare da an taɓa fata ba, kuma a tsallake inda ke da ɗanyen ciwo har ya lafa. 'Yar'uwa, in ana shirin biki aka zo gyaran jiki, ki gaya wa mai gyaran kada halawa ko dilka ta kusanci waɗannan wurare, komai nacinta.

Mataki na uku: wanka

Wari ba daga gumin kansa yake fitowa ba. Gumin hammata da matsematsi yana fita ne ba wari, amma yana ɗauke da maiƙo da wasu sinadarai, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fatar kowa su ci su, su fitar da abin da hanci ke ji. Mai wannan ciwo kuma yana da tushe na biyu, wato mugunyar da ke kwance a cikin hanyoyin nan da wadda ta jiƙa tufafi. Aikinmu rage ƙwayoyin, da kwashe ruwan kafin ya kwana. Turare ba ya yin ko ɗaya daga cikin biyun.

Wanka sau biyu ya isa, safe da dare, sai in an yi aikin gumi a ƙara watsa ruwa. A yi da ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba. Sauran jiki a yi amfani da sabulu mai sauƙi marar ƙamshi da yawa. Wuraren ciwon kuwa tafin hannu kaɗai zai taɓa su.

A nemi ɗaya daga cikin abu biyu a babban kemis. Ko ruwan wanki mai chlorhexidine kashi 4 cikin ɗari, irin wanda likitoci ke wanke hannu da shi kafin tiyata, ko sabulun ruwa mai benzoyl peroxide kashi 5 cikin ɗari. A zuba kaɗan a hannu, a shafa a hammata da matsematsi ya yi kumfa, a bar shi minti ɗaya zuwa biyu ana wanke wani wurin, sannan a ɗauraye tas. Barinsa ya ɗan zauna shi ne aikin, wanda ya shafa ya wanke nan take asarar kuɗinsa ya yi. A fara da sau uku a sati, in fata ta karɓa a koma kullum sau ɗaya. In ta bushe tana saɓa ko tana raɗaɗi, a rage. Kada ya shiga ido, ko kunne, ko cikin al'aura. Shi benzoyl peroxide yana cin launin tufafi, don haka a ware masa farin tawul.

Busarwa ma aiki ce. A dangwala tawul a wurin, ba a goga ba. Sannan a tsaya gaban fanka ko a yi fifita da mafici, hannu a ɗage, har wurin ya bushe ƙayau kafin a sa kaya. A ware ƙaramin tawul na wuraren ciwon, a wanke shi kullum a shanya a rana.

In ka duba gashin hammatarka ka ga wani abu rawaya ko ja ya manne masa kamar an shafa gari, kuma ba ya fita da wanka, wannan wata ƙwayar bakteriya ce daban da ke haddasa wari mai ƙarfi. Sauƙin magani gare ta: a rage gashin ƙwarai, a ci gaba da wankin nan, cikin 'yan makonni takan tafi.

Mataki na huɗu: ranar da ƙurji ya taso

Da ka ji ƙullutu ya fara, a jiƙa tsabtataccen ƙyalle da ruwan ɗumi wanda bayan hannu zai iya jurewa, a matse, a ɗora minti 10, sau uku ko huɗu a rana. Wani ƙurjin zai koma, wani zai nuna ya fashe da kansa, kuma duka biyun sun fi matsi. Don zafi, babba zai iya shan farasitamol, amma kada ya wuce giram 4 a yini. Ibuprofen ko diclofenac suna rage kumburi, a sha su bayan an ci abinci, kuma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu su nisance su. Tiramol kuwa kada a fara sayensa da kai. Ciwon nan na shekaru ne, maganin da ke kama mutum ba abokin tafiyarsa ba ne.

In ya fashe, ga yadda ake wanke shi. A tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, a bari ya huce a rufe. A wanke hannu da sabulu, a kwarara ruwan a kan ciwon, a bar abin da zai fito ya fito da kansa. Ruwan gishirin da ya kwana a zubar a haɗa sabo.

Daga nan sai rufewa, kuma a nan ne rabin yaƙin wari yake. A shafa basilin siriri a jikin ƙyallen bandeji mai raga-raga da ake sayarwa a kemis, a ɗora gefen mai man a kan ciwon don kada ya manne. Kada a sa auduga kai tsaye, zarenta na maƙalewa a ciki. A saman bandejin a ɗora abin da zai sha ruwa. Mafi araha kuma mafi aiki shi ne audugar mata marar turare, a yanka ta daidai wurin. Maza kada su ji kunyar wannan, don shan ruwa aka yi ta, kuma bayanta ba ya bari ya ratsa zuwa riga. Filasta na sale fata in ana ɓamɓare ta kullum a wuri ɗaya, saboda haka ya fi kyau a riƙe kayan da 'yar shimi mai ɗan hannu wadda ta kama jiki ba tare da matsi ba, ko gajeren wando mai tsawo zuwa cinya. In dole sai an sa filasta, a nemi ta takarda, a riƙa sauya inda ake manna ta.

Dokar ita ce, da ya jiƙe a canza. Ko da bai jiƙe ba a canza safe da dare. Bandejin da ya wuni da mugunya a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'auni ke haura 40, babu humrar da za ta rufe shi. A haɗa 'yar jaka da ba ta rabuwa da kai: bandeji biyu, audugar mata biyu, ƙaramin basilin, ledar ƙulle wanda aka cire, da shimi guda. Minti 5 a banɗakin ofis ko makaranta da azahar yana sauya yinin gaba ɗaya.

In an yi duk wannan warin ciwon bai sauka ba, a gaya wa likita kai tsaye. Akwai maganin metronidazole na shafawa da ake amfani da shi musamman don gyambo mai wari, domin yana kashe irin ƙwayoyin da ke rayuwa inda iska ba ta shiga, waɗanda su ne masu ɗoyi. Likita ko nas ne za su nuna yadda za a sa shi.

Mataki na biyar: abin shafawa da tufafi

Abin hammata iri biyu ne. Wani ƙamshi kawai yake sawa, wani kuma yana rage gumin kansa saboda gishirin alminiyam da ke cikinsa. Na biyun ake so, kuma da dare ake shafa shi a busasshiyar fata, lokacin da gumi ya yi ƙasa, don ya samu ya zauna. Alimun da iyayenmu ke amfani da shi danginsa ne, a jiƙa dutsen a goga a hankali. Sharaɗi ɗaya ne a kan duka: sai a lafiyayyar fata. Inda ke da ƙurji ko ɓaraka ba a sa komai sai magani. In ka lura wani iri na tayar maka da ƙurji, ka bar shi ka gwada wani.

Turare, da humra, da kwalacca, a tufafi za su tsaya. Turara kaya da turaren wuta bayan an wanke su abu ne mai kyau. Turara kayan da aka riga aka yi gumi a ciki kuwa haɗa wari biyu ne.

Yadin roba na riƙe wari fiye da na auduga, har bayan wanki. Abin da zai taɓa fata ya zama auduga ne zalla, mai yalwa. Ɗinkin da ya matse hammata, da leshi mai kaushi ba shafi, da rigar mama mai ƙarfe, da kamfai mai robar da ke zama daidai cikin matsematsi, duk suna cikin masu tayar da ciwon. A gaya wa tela ya sauke hammatar riga ya buɗa ta. Mai sa dogon hijabi na roba ta sa rigar auduga a ciki, in ta dawo gida ta cire ta sha iska.

Wanki kuma: abin da ya taɓa ciwo ba a maimaita shi. Tabon jini da mugunya da ruwan sanyi ake fara ɗauraye shi, ruwan zafi kama shi yake yi. Sannan a jiƙa da omo rabin awa, a wanke, a ɗauraye sosai, a juya cikin rigar waje a shanya a rana tsaka, a goge da dutsen guga mai zafi. In hammatar riga ta riƙe wari, a jiƙa ta a ruwan da aka zuba wa rabin kofin khal kafin wanki. Zanen gado da rigar filo aƙalla sau ɗaya a sati.

Mataki na shida: asibiti, da abin da za ka nema

Duk abin da na faɗa a sama kula ne, yana rage wari da wahala, amma ba ya tsayar da ciwon. Wannan sai magani na dogon lokaci, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon ƙarancin tabo. Manyan asibitocin koyarwa suna da likitocin fata: na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos. A Nijar a nemi sashen fata a babban asibitin ƙasa na Yamai. A fara da asibitin da ke kusa a nemi takardar turawa.

Wannan ciwo yakan lafa daidai ranar da aka ba ka ganin likita, don haka ka ɗauki hotonsa a waya duk lokacin da ya tashi. Ka rubuta ranakun da ya fito da wuraren, da duk maganin da ka taɓa sha. In an shiga, a nuna duk wuraren, har da waɗanda ake jin nauyi. Mace na da haƙƙin ta nemi likita mace, ko nas ta tsaya a ɗakin. Likitoci na raba ciwon mataki uku, bisa tsarin da wani likita mai suna Hurley ya kawo a 1989: ƙurji ba hanyoyi ba tabo, sai mai dawowa da hanyoyi nan da can, sai wanda hanyoyin suka haɗe suka cinye wurin. Wanda ya ɓoye matsematsi ya nuna hammata kaɗai, maganin ƙaramin mataki za a ba shi.

A mataki mai sauƙi akan ba da clindamycin na shafawa, sau biyu a rana, kimanin wata 3. In ya fi haka sai doxycycline na sha, shi ma kusan sati 12. Tsawon lokacin ba kuskure ba ne, ana ba da shi ne don ya kwantar da kumburi, ba don kashe ƙwayoyi kaɗai ba. Wannan ya sha bamban da sayen Ampiclox na kwana biyu duk sanda ƙurji ya fito, wanda ba abin da yake yi sai koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Doxycycline na da ƙa'idoji: a sha da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta sai bayan aƙalla rabin awa, don yana ƙona maƙogwaro in ya tsaya. A raba shi da nono, da kindirmo, da maganin ƙarin jini, da na gyambon ciki, da tazarar awa 2 zuwa 3. Da azumi ya fi dacewa a sha bayan buɗa-baki, ba da sahur a koma barci ba. Mai ciki ba ta shan sa, don haka wadda ke da ciki ko take nema ta faɗa tun kafin a rubuta.

In wannan bai yi ba, akwai haɗin clindamycin da rifampicin na sati 10 zuwa 12. A ƙasarmu wannan haɗi na buƙatar taka-tsantsan na musamman, domin rifampicin ginshiƙin maganin tarin fuka ne. Wanda ke da tarin fuka a ɓoye ya sha shi haka, zai iya mayar da cutarsa mai bijire wa magani. Shi ya sa sai an tabbatar babu ita. Yana kuma raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu magungunan ƙanjamau, yana mayar da fitsari ja, wanda shi ba abin tsoro ba ne. Wasu matan, musamman masu ƙiba ko rikicewar al'ada, ana ƙara musu metformin ko spironolactone. Ƙurji guda mai tsananin zafi ana iya yi masa allurar sitiroyid a cikinsa ya sauka cikin kwanaki. Ga ciwo mai tsanani akwai allurai na zamani, adalimumab da aka amince da shi a Amurka don wannan ciwo a 2015, da secukinumab a 2023. Suna da tsada ƙwarai, kuma su ma sai an yi gwajin tarin fuka.

Hanyar da ta riga ta kafu a ƙarƙashin fata ba ta rufewa da ƙwaya. In wuri ɗaya ne ke ta zuba shekara da shekaru, ka tambayi likita game da aikin da ake buɗe rufin hanyar gaba ɗaya a kankare cikinta a bar ta ta cike daga ƙasa. Ba ɗaya yake da tsagawa ba, kuma sau da yawa shi ne ke kawo ƙarshen warin wannan wurin. In wurin ya lalace da yawa, akan yanke fatar duka.

Mataki na bakwai: taba, nauyi, da abinci

Abu biyu ne aka tabbatar suna tafiya da tsananin ciwon: shan taba da ƙiba. Mai shan sigari ko shisha, barinta na cikin maganinsa. Mai nauyi kuma, ko kaɗan ya rage, gugar fata da gumi na raguwa. Tafiya da sassafe ko bayan magariba ta fi, a watsa ruwa da an dawo. Siraran mutane da ba su taɓa shan taba ba su ma suna kamuwa, don haka wannan ba hujjar ɗora wa kowa laifi ba ce.

Tafarnuwa, da ɗanyar albasa, da hulba suna fita a gumi. Hulba musamman, mata da yawa na shan ta ba su san ita ce ke sauya musu ƙamshin jiki ba. Wasu masu ciwon na lura yana tashi in sun yawaita zaƙi ko madara. In kana zargin wani abinci, ka bar shi kaɗai na wata ɗaya kana rubuta abin da ka gani, maimakon ka haramta wa kanka rabin abincin gidan.

Mataki na takwas: sallah, aure, da shiga mutane

Da yawa sun daina zuwa jam'i, wasu ma suna shakkar ingancin sallarsu. A fiƙihun Malikiyya, abin da ya zubo daga maruru da kansa, ba tare da an matsa shi ba, yana cikin abin da aka yi rangwame a kansa, kuma an halatta shafa a kan bandeji a wanka in cire shi ko zuba ruwa zai cutar. Ka kai wa malamin da ka amince da shi bayanin halinka dalla-dalla. Ranar Juma'a a yi wanka, a sa sabon bandeji daf da fita, a je masallaci.

Hanci na sabawa da warin mai shi, ya daina ji. Akasin haka ma na faruwa, wanda ya daɗe cikin fargaba ya riƙa jin warin da babu shi, ya fassara duk wanda ya taɓa hanci da cewa da shi ake. Maganin duka biyun mutum ɗaya ne amintacce, uwa ko 'yar'uwa ko aboki, wanda za ka ce masa: in ka ji wani abu ka gaya min a keɓe, in ba ka ji ba ma ka gaya min.

Miji ko mata su ji bayanin daga bakinka, da kalmomi kaɗan: ciwon fata ne mai dawowa, ba ya yaɗuwa, ina shan magani. In da hali a je ganin likita tare, don jin haka daga bakin likita na kashe zargin da dangi kan shigo da shi. Mai shirin aure kuma ya fi masa kwanciyar hankali ya faɗa kafin a ɗaura.

Ciwon damuwa ya fi yawa a tsakanin masu wannan larura, kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda ke kwana da zafi ya tashi da fargabar mutane. In ka ga ka daina fita, barci ya ƙaurace, ba ka jin daɗin komai, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, ka faɗa wa likitan a wannan zuwan, shi ma ana maganinsa.

Alamomin da ba a jira da su

Zazzaɓi ko rawar sanyi tare da ƙurji, ja da kumburi da ke bazuwa cikin sa'o'i, zafin da ya hana tafiya ko zama, ko jiri da bugun zuciya: a tafi asibiti a ranar, musamman mai ciwon suga ko mai juna biyu. Wanda ke shan clindamycin ya kamu da gudawa mai yawa, ya tsayar da shi ya koma wurin likita. In kashi ko iska na fita ta wani rami kusa da dubura, wannan na buƙatar likitan fiɗa. Tsohon gyambo a ɗuwawu ko matsematsi da ya shekara bai rufe ba, sai ya fara tauri, ko tsiro, ko zubar da jini, a nemi a yanki ɗan naman a auna, domin a wasu 'yan lokuta irin wannan wurin kan rikiɗe ya zama sankarar fata, kuma wadda aka kama da wuri ana cire ta.